Na biya koci kuɗi ta ƙi ba ni shawara, ga yadda na ga aikinta

Masu tambayata ko kuɗin da na kashe wajen koci (ba na wasanni ba, mai zama da mutum kan harkar aikinsa ko sana'arsa) ya yi amfani, amsar ita ce eh ya yi, amma ba kowa zan ce ya je ba, kuma ba kowace matsala ake kai musu ba. Zan ɗan tsawaita bayani saboda na lura yawancinmu in muka ji an ce koci abin da ke zuwa mana a rai shi ne wata da za ta zauna ta zayyano miki ki yi kaza ki bar kaza, irin yadda ake yi a ajujuwan WhatsApp ɗin nan da ake tallatawa kullum, alhali aikin koci na ainihi daban yake da wannan sosai, kuma duk wadda ba ta san bambancin ba kafin ta tura kuɗi tana iya fitowa daga zaman farko tana ganin cutarta aka yi.

Ni shagon ɗinki gare ni a Kano, ɗinkin mata, kayan amare da na biki da na sallah, ina da teloli da yara 'yan koyo. Abin da ya kai ni shi ne ciwon da duk mai ɗinki ya sani, wato saɓa alkawari. Duk ƙaramar sallah sai mun kwana a shago, janareta na shan fetur, kwastoma na tsaye a ƙofa ranar jajibere ranta a ɓace, ni ce awo, ni ce yanka, ni ce zuwa Kantin Kwari neman leshi da shadda, ni ce amsa waya, in na koma gida ko magana ba na iya yi da yara. Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Umma ta ce in rage karɓar aiki. Yaya ta ce in ƙaro teloli. Maigida ya ce in ƙara kuɗin ɗinki wanda ba zai iya ba ya kama gabansa. Uwar ɗakina da ta koya min sana'ar ta ce haka ɗinki yake tun asali, sai haƙuri. Wallahi babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu kuma duk don ƙauna suka faɗa, amma sai shekara ta zagayo a same mu nan inda muke.

Wata kwastomata ce mai aiki a banki ta haɗa ni da kocin, ita a wajen aikinsu aka taɓa ɗaukar musu ita lokacin da aka yi mata ƙarin girma. Bahaushiya ce, a Abuja take zaune, ta Zoom muke yi in netwok ya ƙi mu koma kiran WhatsApp. Ba zan faɗi sunanta ba tunda akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba da zan ambata. Kiran farko kyauta ne, kamar rabin awa, kuma a nan ta fara ba ni mamaki don kusan duk lokacin ta ɓata shi ne wajen gaya min abin da ba za ta yi min ba. Ta ce, "Hajiya, ni ban iya ɗinki ba, ko zare ban iya sa wa allura ba, kuma ba zan koya miki yadda ake tafiyar da shago ba. Aikina in yi miki tambaya, in saurare ki da kyau, in maido miki da abin da na ji, ke ki yanke abin da za ki yi, in mun sake haɗuwa in tambaye ki ina aka kwana." Na ce Malama to in na san amsar me zai sa in biya ki? Ta ce in har matsalata rashin sani ce to kar in biya ta, in nemi wanda ya sani, amma in matsalar ita ce na san abubuwa da yawa kuma har yanzu ban motsa ba to a nan aikinta yake. Wannan maganar ita ta sa na amince, don ban taɓa jin mai neman kuɗina yana nuna min ƙofar fita da kansa ba.

Daga nan ta turo yarjejeniya a rubuce: tsawon kowane zama kusan awa ɗaya, duk bayan sati biyu, na tsawon wasu watanni, abin da muka tattauna sirri ne ba ya fita, sai dai in akwai haɗari ga rayuwar wani ko doka ta tilasta, ina da damar in dakata duk lokacin da na ga dama, sannan an rubuta ƙarara cewa wannan ba aikin likita ba ne ba kuma na lauya ko akawu ba. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai da na yi tunani sosai kafin na tura, ta dai yarda na biya kashi-kashi.

Ga yadda zama yake kasancewa. Kullum da tambaya ɗaya take buɗewa: yau me kike so mu yi magana a kai, kuma me kike so ki tashi da shi in awar nan ta cika? Da farko wannan tambayar ta ba ni wahala fiye da yadda za ku zata, domin na saba zuwa wajen mutane da ƙorafi, ban saba zuwa da buƙata ba. Na ce mata ina so in daina saɓa alkawari. Ta ce in kin daina, me za ki gani a shagon da ba ki gani yanzu? Na ce zan ga kaya a goge a leda kwana biyu kafin ranar da na faɗa. Ta ce to yanzu kaya nawa ne ke fita daga shagon a sati in komai ya tafi daidai? Na faɗi wani adadi daga ka. Ta ce kin ƙirga ne ko kina tsammani ne? Na yi shiru. Ita ma ta yi shiru, har na duba waya ko kiran ya yanke, ashe tana nan tana jira. Wannan shirun nata shi ne abin da ya fi komai bambanta ta da duk wanda na taɓa kai wa kuka, mu a wajenmu in mutum ya yi shiru sai ka yi sauri ka cike masa gurbin da magana ko ka ba shi haƙuri, ita kuwa sai ta bar ni da tambayar har sai da na ce da bakina ban taɓa ƙirgawa ba, kuma na ce zan sa littafi a kan teburin yanka a riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita. Ba ita ta ce in sa littafi ba. Abin da kawai ta ƙara shi ne: wace rana za ki fara, kuma wa zai riƙa rubutawa in kin tafi kasuwa?

Littafin nan shi ya fito da abin da shawarwarin da aka yi ta ba ni ba su taɓo ba. Teloli ba su yi min kaɗan ba, sau da yawa ma zaune suke suna jira, don duk wani yanka ta hannuna yake bi, in na fita Kwari da safe to kekuna sun tsaya har azahar. Na biyu kuma, kayan da ke tsallake layi, na dangi da na ƙawaye da na dangin miji, waɗanda ake kawowa a ce "Anti don Allah jibi ne bikin", su ne ke tura na kwastomomin da suka biya tun da wuri baya. Da na ƙaro teloli kamar yadda Yaya ta ce da na ƙara albashi ne kawai a kan matsalar da ba a nan take ba. Kuma ba laifin Yaya ba ne, daga waje take hango abin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai wani lokacin mai ɗakin ma sai an tsayar da shi an ce nuna min wajen da yatsa kafin ya duba da kyau.

Da muka zo kan me za a yi, a nan ne na fi takura mata ta faɗa min. Na ce Malama ke da kike hulɗa da 'yan kasuwa da yawa, me sauran suke yi? Ta ce za ta iya faɗa min abin da ta gani a wasu wurare in na matsa, amma ta fi so in fara kawo nawa tukuna, don in ta fara magana zan daina tunani in koma auna nata. Sai ta dinga cewa "sai me kuma?", in kawo ɗaya ta ce sai me kuma, in kawo wani ta ce sai me kuma, har na kawo abubuwan da ban san suna kaina ba: in bar babbar yarinyar da ta fi daɗewa a wajena ta fara yankan atamfa da ɗinkin yau da kullum ni in riƙe na amare kawai, in mai da zuwa kasuwa rana ɗaya a sati, in sa ranar rufe karɓar ɗinkin sallah tun kafin azumi ya yi nisa in rubuta a allo a ƙofar shago, in riƙa karɓar rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi. Sannan ta ce a cikin waɗannan wanne ne in kika yi shi sauran za su zo da sauƙi, kuma wanne ne kike jin nauyinsa a ƙirji? Wanda nake jin nauyinsa shi ne maganar dangi. Mun ci zama guda cur a kan yadda zan gaya wa yayar maigidana cewa kayanta za su bi layi ba tare da zumunci ya taɓu ba, har ta ce in gwada faɗa mata kamar ita ce yayar, na faɗa, ta ce yaya kika ji a bakinki, na ce ya yi kaushi, na sake, na sake, har na samu lafazin da zan iya furtawa gaban babba ba tare da na yi rashin kunya ba. Daga ƙarshe abin da na yi shi ne na je gidanta da kaina tun watan Sha'aban na ce "Yaya na zo karɓar ɗinkinku na sallah da na yara tun yanzu, don bana so nake naku ya riga na kowa fita." Ta ji daɗi ma. Babu kocin da zai iya ba ni wannan dabarar daga Abuja, don sai wanda ya san matar ya san cewa abin da take so shi ne a nuna ta isa.

Akwai lokutan da takan faɗi nata, amma sai ta nemi izini. Ta taɓa cewa, "Hajiya zan iya faɗa miki wani abu da na lura da shi? In bai yi miki daidai ba ki ajiye shi." Na ce bismillah. Ta ce duk lokacin da nake maganar kayan amare muryata takan ɗaga in yi ta bayani ba a tambaye ni ba, in an zo maganar kwangilar yunifom ɗin makaranta da nake ta fafutukar nema kuma sai in koma gajerun amsoshi. Ba ta ce in bar yunifom ba. Tambaya ta yi: wa ke son kwangilar nan? Na kwana da wannan tambayar, kuma ni na yanke na bar neman.

Daga baya na bincika don in san ko salon nata ne ita kaɗai, ashe haka aikin yake a asalinsa. Tushensa daga wasanni ne. Wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya lura a shekarun 1970 cewa in ya cika wa ɗalibi kunne da ɗaga hannu haka, juya ƙafa haka, sai ɗalibin ya daburce, in kuwa ya ce masa ya lura da ƙwallon kawai, ya kula da lokacin da ta taɓa ƙasa da lokacin da ya buge ta, sai jikin ya gyara kansa. Wani Baturen Ingila, Sir John Whitmore, wanda tsohon direban tseren motoci ne, ya ɗauko wannan tunanin ya kai shi cikin kamfanoni, kuma littafin da ya fitar a 1992 shi ya yaɗa tsarin da ake kira GROW, wanda matakai huɗu ne: ina kike son zuwa, a ina kike yanzu a zahiri, waɗanne hanyoyi ne a gabanki, wanne za ki bi kuma yaushe. Da na karanta sai na gane ashe kusan duk zamanmu a kan wannan layin yake tafiya ko da ba ta taɓa ambata sunansa ba. Dalilin da ya sa suke ƙin ba da amsa kuma ba rowa ba ce. Shawarar da aka ba ki ta mai bayarwa ce, daga rayuwarsa ya ciro ta, in ta yi kyau ki koma wajensa gobe neman wata, in ta ɓaci ki ce ai wane ne ya sa ni. Wadda kika ciro da kanki kuwa kin riga kin auna ta da halin mijinki da jarinki da mutanen da za ki haɗu da su a gidan suna, kuma babu wanda za ki ɗora wa, don haka kin fi riƙe ta.

Kar a fahimce ni kamar ina raina shawara. Addininmu ma nasiha ne kamar yadda ya zo a hadisi, kuma akwai wuraren da tambaya ba ta da wani amfani sai a faɗa miki kai tsaye. In keke yana tsinka zare ba na son a tambaye ni yaya nake ji game da hakan, makaniki nake so. Lokacin da na kawo mata maganar rajistar sunan kasuwanci a CAC da batun haraji, nan take ta ce wannan ba fanninta ba ne, in nemi akawu ko lauya, ko in leƙa ofishin SMEDAN, hukumar tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. Yarinyar da na ba wa yanka ma ba tambayoyi na zauna ina yi mata ba, tsayawa na yi a kanta na nuna mata yadda ake fitar da hannu da wuya, don ita koyo take. Abin da uwar ɗakina ta yi min shekara da shekaru, ta ce ni na bi ta nan ga ramin da na faɗa kar ki faɗa, shi ma wani abu ne mai daraja da koci ba za ta maye gurbinsa ba. Haka in abin da ke damun mutum baƙin ciki ne mai nauyi, ko rashin barci da faɗuwar gaba da suka daɗe, wannan na likita ne, kuma koci mai amana za ta ce miki ki je asibiti, yana cikin ƙa'idar aikinsu su tura mutum inda ya dace in abin ya wuce huruminsu.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don ba zan yabe ta in ɓoye su ba. Duk takardunta da Turanci suke, yarjejeniyar da fom ɗin da ake cikewa kafin a fara, alhali da Hausa muke zaman, ni na iya karantawa amma na san mata da yawa masu sana'a da jarinsu ya fi nawa waɗanda wannan kaɗai zai kore su, kuma da na faɗa mata ta ce za ta duba, har muka gama ban ga an canza ba. Sannan a yarjejeniyar an rubuta in na soke zama ƙasa da awa 24 kafin lokaci to ya ƙone, amma ita ta ɗaga min zama fiye da sau ɗaya a ƙurarren lokaci saboda aikin kamfanoni, kuma babu abin da takardar ta ce a kan hakan, haƙuri kawai aka ba ni, ni kuwa na riga na hana kaina zuwa kasuwa ranar. Wannan bai yi min adalci ba. Akwai kuma ranakun da tambayoyin suka zama kamar karatun hadda, ina magana a kan abin da ya ƙona min rai ita kuma tana jefo "a ma'aunin ɗaya zuwa goma, nawa za ki ba kanki?", a irin wannan lokacin mutum so yake a ji shi tukuna. Na gaya mata, kuma gaskiya ta karɓa ta rage. Netwok ma ya ci mana lokaci ba kaɗan ba, kuma a wannan aikin in murya tana yankewa rabin amfanin ya tafi tunda sauraro ne jarinsa. Abu na ƙarshe, a zaman rufewa ta ɗauki mintuna tana tallata min wani shirin rukuni da za ta fara, a cikin lokacin da na biya, da ta bari ta turo min saƙo daga baya da ya fi.

Wani abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya cire kuɗinsa shi ne wannan sana'a ba ta da shinge. Likita sai da lasisi, lauya sai an rantsar da shi, amma koci kowa zai iya wayar gari ya rubuta a Instagram cewa shi koci ne, ba a Najeriya kaɗai ba har a Amurka da Ingila. Abin da ake da shi ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ke ba da shaida. Wadda ta fi shahara ita ce ICF, wadda Thomas Leonard ya kafa a Amurka a 1995, akwai kuma EMCC ta Turai. A ICF matakin farko shi ne ACC, sai mutum ya yi aƙalla awa 60 na karatu da awa 100 na zama da mutane, da awa 10 a ƙarƙashin wani gogaggen koci yana duba aikinsa, sannan ya ci jarrabawa. Na biyu PCC, awa 125 na karatu da awa 500 na aiki. Na ƙoli MCC, awa 200 na karatu da awa 2,500 na aiki. Kuma duk shekara 3 ake sabunta shaidar. Tawa matakin farko gare ta, na tambaya ta faɗa ba tare da ta ji haushi ba, na kuma duba sunanta a shafin ƙungiyar na gani. Satifiket ba ya nufin mutum ya iya sauraro, amma aƙalla yana nufin akwai ƙa'idar da ya sa hannu a kai da inda za a kai ƙararsa in ya fitar da sirrinki.

Abin yana damuna sosai don ina ganin yadda ake karɓar kuɗin mata 'yan'uwana da sunan nan. A tara mutum ɗari biyu a guruf, a turo musu sautin murya na awa ɗaya a kan "sirrin nasara", a rufe guruf ɗin kar kowa ya yi magana, a ce an yi musu horon koci. Wannan lacca ce, kuma lacca ba laifi ba ce in an kira ta da sunanta an saka mata kuɗin lacca. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ki lura wa ya fi magana. A zamana da Malama ni nake cin kaso mafi yawa na awar, ita 'yan kalmomi ne. In kika fito daga zama kin san tarihin kocin kaf, yadda ta fara da jari kaɗan ta sayi mota, ita kuwa ba ta san ma'aikata nawa gare ki ba, to kin san abin da kika saya. Haka duk wadda ta yi miki alkawarin cinikinki zai ninka cikin wata kaza, ki riƙe kuɗinki, don koci ba ta da iko a kan abin da za ki yi bayan an kashe waya balle a kan kasuwa, arziki na Allah ne. Ki tambaya a ina ta yi karatun, awa nawa ta yi da mutane ɗaya bayan ɗaya, akwai yarjejeniya a rubuce, me zai faru in kina so ki tsaya a tsakiya, kuma ki nemi kiran gwaji kafin ki yi tiransifa.

Wa zan ce ya je? Wadda ta riga ta iya sana'arta, tana da ma'aikata ko nauyin mutane a kanta, ta ji shawara iri-iri har ta rasa wacce za ta ɗauka, kuma tana da ƙarfin halin da za a yi mata tambayar da ba ta so ta amsa da gaskiya. Wanda aka ba shugabanci sabo a ofis shi ma zai amfana, don irin su ne ma kamfanoni suka fi ɗaukar wa koci. Wadda kuwa yanzu take fara sana'a, jarinta bai fi kuɗin zaman ba, don Allah ta sa kuɗin a kaya ta nemi uwar ɗaki ta gari ta durƙusa ta koya, lokacin koci zai zo daga baya. Kuma in kin san ba za ki taɓa komai tsakanin zama da zama ba to kar ki fara, don ainihin aikin a cikin sati biyun nan yake, awar da kuke waya shiri ne kawai, Malama ba ta taɓa yi min faɗa don ban cika abin da na ɗauka ba amma za ta tambaya me ya tare hanya, kuma za ta jira amsa.

A shagon yanzu yarinyar tana yankan atamfa ita kaɗai har ta fara taɓa leshi, allon rufe karɓar ɗinki yana nan a ƙofa, sallar da ta wuce an samu kayan da suka makara amma 'yan kaɗan ne kuma tun da wuri na kira masu su na faɗa musu. Maganar rabin kuɗi kafin yanka har yanzu ban iya tsayawa a kanta da tsofaffin kwastomomi ba, ina kan yi. Ban sabunta yarjejeniyar ba da ta ƙare, kuɗin na karkatar da shi wajen wani akawu da yake zuwa ƙarshen wata yana duba min littattafai, shi kam faɗa min yake yi kai tsaye inda lissafi ya karkace kuma abin da nake buƙata ke nan a yanzu. Na gaya wa Malama in maganar buɗe shago na biyu ta taso zan neme ta, da sharaɗin a gyara sashen soke zama ya hau kanmu mu biyu.